Yadda Clarrie Pobjoy Ya Zaɓi Kwamfutar Aljihu

A garin Bindarra ba a tambayar ina Clarrie Pobjoy yake. Kasa kunne kawai ake yi. In ka ji murya tana tashi daga gareji tana koya wa makanike gyaran mota, to shi ne. In ka ji ta a asibitin dabbobi tana gaya wa likita abin da ke damun doki, shi ne dai. Sana'arsa feshin maganin gara, da ita ya gina gida ya yi iyali, amma a bakinsa babu sana'ar da bai taɓa yi ba, babu kuma wadda bai fi masu ita iyawa ba. Abu ɗaya ne ya gagare shi, wato tuna gidan da aka kira shi aiki. Ya taɓa feshe gidan fasto tas, alhali maƙwabcin fasto ne ya kira shi, har yau kuma cewa yake yi garar ce ta yi ƙaura kafin ya iso.

A shekarar da 'yarsa Narelle za ta auri wani saurayi mai suna Rohan, iyayen yaron suka taso daga Sydney don a san juna a kuma tsayar da rana. Uban angon, Lionel Fonseka, likitan haƙori ne, siriri, mai sanyin murya, irin mutanen da sai ka matso kafin ka ji abin da suke cewa. Aka gasa rago a farfajiyar gidan Clarrie, aka ci aka ƙoshi, aka yarda a yi biki a ƙarshen Oktoba. Sai Lionel ya sa hannu a aljihun riga ya zaro wata 'yar aba baƙa wadda ba ta fi tafin hannu ba, ya zare wani tsinke daga gefenta, ya ɗan ƙwanƙwasa gilashin fuskarta.

"Shi ke nan, ta shiga," ya ce.

Glenys, matar Clarrie, ta miƙa wuya. "Mene ne wannan, Likita?"

"Kwamfutar aljihu ce. Ita ke riƙe mini ranaku da lambobin waya. In lokacin abu ya yi, ta yi ƙara ta tuna mini."

Nan da nan kowa ya matso, aba tana yawo daga hannu zuwa hannu. Clarrie yana tsakiyar labarin wani maciji da ya kama wanda ya fi motarsa tsawo, ya waiga ya ga ko kare ba ya saurarensa. Ya kutsa cikinsu.

"Au, irin wannan ce," ya ce, yana kallonta ta wutsiyar ido. "Ta bara ce ai. Na so in saya, na ga ba ta da ƙarfi. Tawa tana hanya, zaɓe nake yi. Mutum irina ba ya sayen abu da ka."

"Yaushe ka fara zaɓen?" in ji Glenys.

"Ba kowane shiri nake bayyanawa ba, Glenys. Kuma tunda magana ta zo, ku sauke nauyin bikin nan daga kanku. Zauren taro, abinci, makaɗa, jawabin uban amarya, duk a aljihuna za su zauna."

Narelle ta ajiye cokali. "Baba, don Allah."

"Kwantar da hankalinki, 'yata. Bikinki sai an daɗe ana ba da labarinsa."

"Abin da nake tsoro ke nan," ta ce.

Kafin baƙi su isa gida duk Bindarra ta ji. Clarrie ya sayo mujallun kwamfuta ya zube su a kan kantar Spiro Kalligas, mai soya kifi da dankali, abokinsa tun suna yara, wanda ya ɗauki musu da Clarrie a matsayin motsa jiki.

"Iri uku ne," Clarrie ya ce, yana buga yatsa a kan hoto. "Akwai mai tsinke, ka rubuta da hannunka ta karanta. Akwai mai madannai, tana buɗewa kamar gidan tabarau. Akwai kuma mai launi, wadda har magana take ɗauka. Jahili kuɗi yake dubawa. Gwani kuwa ƙwaƙwalwa yake aunawa."

"Tata ko taka?" in ji Spiro.

"Tata mana."

"To da sauƙi. Mutumina, kai da rediyon motarka ke maƙale a tasha ɗaya tun ranar da ka saye ta?"

"Ni na zaɓi tashar."

"Tashar farashin tumaki?"

"Ilimi ne. Kai soya kifinka, ka bar harkar zamani ga masu ita."

Ranar Asabar ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya hau a-kori-kurarsa mai warin maganin gara, ya kama hanyar birnin Dubbo. A wani babban kantin kayan lantarki ya tarar da kwamfutocin a jere a kan tebur, da wata mai sayarwa da aka rubuta Raelene a ƙirjin rigarta. Ta buɗe baki za ta yi masa bayani, ya ɗaga mata hannu.

"Kada ki wahalar da bakinki, 'yan mata. Ni a harkar nake."

Ya ɗauki mai tsinke, ya ƙura mata ido yana gyaɗa kai. Raelene ta miƙo hannu a hankali ta juya masa ita, don a kife ya riƙe.

"Bayanta nake dubawa," ya ce.

Ya zare tsinke ya rubuta sunansa da irin rubutunsa na tafiyar kura. Kwamfuta ta yi ɗan tunani, ta fito da wasu kalmomi da ma'anarsu ita ce jiƙaƙƙen dankali. Ya goge ya sake. Wannan karon ta ce kaza ta gudu.

"Sai ka ɗan koyi yadda take son a yi mata haruffa," in ji Raelene.

"Ni zan koyi rubutu saboda ita? Na gama firamare kafin a haifi wanda ya ƙera ta. Miƙo mini mai madannai."

Yatsun Clarrie kuwa kamar rogo suke. Ya danna harafi ɗaya, huɗu suka fito. Ya danna na gogewa, ta buɗe masa wasan kati. Ya ce an ƙera ta ne don yatsun 'yan birni da ba su taɓa riƙe shebur ba.

"Amma duk wannan ba shi ne gwajin gaskiya ba," ya ce, ya ɗaga murya don wasu masu sayen firji su ji. "Abin da aka ce na aljihu ne, a aljihu ake gane shi."

Ya rufe ta ya cusa a aljihun wandonsa na baya. Ya yi tattaki zuwa wajen talabijin ya dawo. Ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya ɗaga ɗayar.

"Kin gani? Ko jin ta ba na yi. Bari in zauna in yi nazari."

Ya ja wata kujerar ƙarfe ya zube mata nauyinsa duka. Aka ji ƙas, kamar an take busasshen kara. Masu sayen firji suka waigo.

"Yanzu ka ji ta?" in ji Raelene.

Manaja ya fito daga ofis ya nuna masa wani allo a bango mai cewa wanda ya fasa ya saya. Haka Clarrie ya yi zaɓensa na farko, da mazaunansa.

Bai wuce gida da ita ba sai da ya biya wajen Spiro, don ya riga ya yi shela cewa yau zai dawo da ita. Ya buɗe ta a kan kanta. Gilashin ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa, wani baƙin ruwa ya malale a ciki.

"Me ya same ta?" in ji Spiro.

"Sabon yayi ne. Taswira ce."

"Taswirar ina?"

"Kogin Macquarie, lokacin ambaliya."

Spiro ya sa tabarau ya duba da kyau. "Ni dai sawun ɗuwawu nake gani."

A gida Glenys ba ta yi faɗa ba. Ta karɓa ta juya ta, ta durƙusa ta cusa ta ƙarƙashin ƙafar teburin kicin da ya daɗe yana rawa. Tebur ya tsaya cak.

"Ka ga, ta yi amfani," ta ce.

Wani ne da ya haƙura. Clarrie kuwa cewa ya yi ya gano sirrin: kuskuren masu ƙerawa ne da ba su rubuta aljihun gaba ko na baya ba. Ya koma Dubbo. Raelene ta gan shi, ta ja kujerar ƙarfen da ƙafa ta tura ta bayan kanta.

"Mai tsinke zan ɗauka," ya ce. "Siririya ce, ta dace da aljihun riga. Na yi nazari, na ga ita ce ta manya."

"Rubutun fa?"

"Za ta saba da ni. Kare ma yana sabawa."

Tsinken bai kwana ba. A hanya ya tsaya shan shayi, ya motsa sukari da shi, ya sakace haƙori, ya bar shi a kan faranti. Da ya iso gida ya ɗauki ɗaya daga cikin alluran saƙar Glenys, doguwa mai ruwan hoda, ya soke a bayan kunne. Haka ya riƙa yawo a gari kamar an harbe shi da kibiya bai sani ba.

Ya zauna ya cika ta da tunatarwa: ranar kama zaure, ranar ganin mai kek, ranar kiran makaɗa. Cikin sautukan da take da su ya zaɓi carar zakara, ya ƙure ƙarar. Matsalar ita ce har yanzu ba ta saba da rubutunsa ba. Zakara ya yi cara a tsakiyar titi, Clarrie ya zaro ta da ƙasaita, ya karanta, ya ga ta ce ya wanke giwa.

"Me ta ce?" mutane su tambaya.

"Sirrin aiki ne," ya ce, ya tafi da sauri kamar ya san inda za shi.

Ana cikin haka tsoho Norm Tuckey, wanda ya yi rayuwarsa yana askin tumaki, ya rasu. Duk gari ya hallara a maƙabarta da hantsi. Clarrie ya ce shi ne babban aminin mamaci, ko da yake rabon da Norm ya amsa masa gaisuwa an manta. Aka saukar da akwatin gawa, fasto ya ce daga ƙasa muka fito cikinta za mu koma, ya ce kowa ya zuba 'yar ƙasa. Clarrie ya ture mutane ya isa gaba, ya cika hannu, ya sunkuya sosai don a ga ladabi. Kwamfuta ta zame daga aljihun riga, ta faɗa ramin, ta sauka a kan akwatin da ƙara.

Kowa ya leƙa ramin. Sai zakara ya yi cara daga cikin kabari.

Fasto ya rufe littafinsa. Zakara ya sake yi.

"Yanzu za ta yi shiru," in ji Clarrie. "Haka take yi."

Ba ta yi ba. Ya kwanta rub da ciki a bakin ramin, ya zaro allurar saƙa yana ƙoƙarin taɓo ta. Hannu bai kai ba. Ya ƙara zurawa.

"Spiro, riƙe mini bel."

Spiro ya riƙe. Clarrie ya ƙara gaba, bel ya tsaya a hannun Spiro, wando kuma ya bi bel ɗin har gwiwa. Matan ƙungiyar coci suka ɗaga ido sama gaba ɗaya kamar masu duban hadari. Allura ita ma ta kuɓuce ta bi kwamfuta.

Dulcie Tuckey, matar mamacin, 'yar tsohuwa mai sanda, ta tako ta leƙa ramin. Ta daɗe tana sauraro.

"Ku bar ta," ta ce. "Tun da na auri Norm nake tashinsa da safe, ban taɓa yin nasara ba. In ita za ta iya, a ba ta dama. Fasto, ci gaba."

Haka aka binne Norm da zakara. An ce kafin batir ya mutu, mai yankan ciyawar maƙabartar ya ji cara daga ƙarƙashin ƙasa, ya bar injin yana aiki ya tafi gida da gudu, kuma tun daga nan bai sake fashin coci ba.

Da yamma Narelle da uwarta suka zaunar da Clarrie a teburin kicin.

"Baba, ni da Mama mun kama zaure, mun ga mai kek, mun kira makaɗa," in ji Narelle. "Jawabi kaɗai muka bar maka. Ka rubuta shi a takarda, gajere, ka karanta ka zauna."

"Takarda? A gaban Lionel?"

"A gaban kowa."

"'Yata, kin san abin da mutane za su ce? Za su ce ɗan birni ya zo da kwamfuta, uban amarya ya zo da takarda kamar mai sayen albasa."

"Mutane suna da abin faɗa da zai ishe su har baɗi," in ji Glenys. "Sun ga gajeren wandonka mai hoton abarba. Kuma ka biya ni allurata."

Clarrie ya yi shiru, wanda a wurinsa yana nufin ya yi magana a hankali. Washegari ya ce zai je duba gara a wata gona, ya kama hanyar Dubbo.

Raelene ta hango a-kori-kurar ta taga. Kafin ya gama fakin ta kwashe duk abin da ke kan tebur ta kulle a cikin gilas.

"Wace ce ta rage?" ya tambaya.

"Mai launi. Ina mai tsinken?"

"Na ba wani aboki. Ya tafi da ita wata doguwar tafiya."

Ta fito da mai launin ba ta sake ta ba, ta riƙe a hannunta tana nuna masa daga nesa. A gefenta akwai wani maɓalli babba. Ka danna ka yi magana ta ɗauka, ka danna na gaba ta maimaita maka. Clarrie ya ce a gwada. Ya yi gyaran murya ya faɗi sunansa da sana'arsa da ra'ayinsa a kan gwamnati. Kwamfuta ta maido masa da muryarsa tsaf. Idonsa ya kawo ruwa. Tunda yake bai taɓa jin abu mai daɗi irin wannan ba.

"Ashe tun farko ita nake nufi," ya ce. "Waɗancan biyun share fage ne. Ba rubutu, ba dannawa, magana kawai. An ƙera ta don ni."

"Haka nake gani," in ji Raelene. Ta haɗa masa da igiyar ratayawa a wuya, kyauta, ta ɗaura da kanta ta ja ƙulli sosai.

Ya shige ɗakin ajiyar kayan feshi ya yi ta ɗaukar jawabi. Ya fara daga ranar da aka haifi Narelle, ya ratsa ta kan gudunmawarsa ga ci gaban gari, ya ɗan taɓa macijin nan, ya sauka a kan nasiha ga ma'aurata. Ya saurara ya yi wa kansa tafi.

Safiyar biki aka aike shi da Spiro su ɗauko ƙanƙara daga garin da ke gaba. Clarrie ya riga ya sa kwat, kwamfuta tana lilo a ƙirjinsa kamar lambar girma. Ya shiga mota ya ja bel ɗin kujera ya ratsa ƙirji. Bel ya kwanta daidai kan maɓallin gefe, ya danne shi. 'Yar jar fitila ta kama a ƙarƙashin kwat. Babu wanda ya gani, bakin Clarrie kuma ya kama aikinsa kamar kullum, tafiya da dawowa.

An ɗaura aure lafiya. Da la'asar zauren gari ya cika maƙil, mutanen Sydney a gefe ɗaya cikin kaya masu tsada, mutanen Bindarra a ɗaya gefen cikin kwat ɗin da suka je jana'izar Norm da shi. Glenys ta sa wata hula mai gashin tsuntsu kore da ja wadda ta yi oda tun daga birni. Aka ci, aka sha, aka ce uban amarya ya taso.

Clarrie ya hau dandamali ya ƙwanƙwasa makirufo.

"Jama'a, kakanninmu da takarda suke jawabi. Wasu kuma," ya ɗan dubi Lionel, "suna nan da ta bara, ba laifi, kowa da ƙarfinsa. Ni nawa jawabin yana cikin nan. Ba zan buɗe baki ba. Zamani ne zai yi magana."

Narelle ta kama hannun Rohan ta matse.

Ya kara kwamfuta a makirufo ya danna. Abin da aka ɗauka a ƙarshe shi ya fara fitowa. Lasifika ta cika da rugugin mota, sai wata murya mai kama da kukan jaki tana rera waƙa. Mutane suka ɗauka salo ne, wasu har suka tafa. Sai waƙar ta tsaya.

"Kai Spiro," in ji muryar Clarrie daga lasifika, "mai cire haƙoran nan fa, in na yi atishawa kusa da shi sai a tsince shi a Sydney. Wai likita. Sana'ar me ce wannan? Ka ba ni filaya da kujera, ni ma likita ne."

"Kalli hanya," in ji muryar Spiro.

Mutanen Sydney suka daina tauna. Lionel ya ajiye cokalinsa a hankali, ya goge baki.

"Ba wannan ba ne," in ji Clarrie na kan dandamali. Ya danna wani maɓalli. Ƙarar ta ninka.

"Ka ga hular Glenys kuwa? Na buɗe kwalin na zaci aku aka take da mota aka aiko mana gawar."

Glenys ba ta motsa ba. Gashin hular ne kawai ya ɗan karkaɗa.

"Shi kuma fasto, in ya fara wa'azi ba na bukatar magani. Garar cocin ma barci take yi."

Fasto ya dubi cikin kofinsa. Dulcie Tuckey ta ce wa ta kusa da ita ta ƙara mata ƙarar abin jinta na kunne. Clarrie yana danna duk abin da yatsa ya samu, gilashi yana canza launi, murya ba ta fasa ba.

"Tsakanina da kai, mutumina, har yanzu ban san yadda ake kashe abin nan ba. In ta gaji ita ke yin shiru."

Nan zaure ya fashe. Mutanen Bindarra suna dukan tebur, mutanen Sydney suna rufe baki da adiko, mai ganga ya faɗo daga kan kujerarsa. Clarrie ya ga babu sarki sai Allah, ya damƙi kwamfuta ya wurga ta da iyakar ƙarfinsa wajen taga. Ya manta da ƙullin Raelene. Igiya ta miƙe, ta ja, kwamfuta ta dawo da saurin da ta tafi ta same shi a baki. Rabin haƙorinsa na gaba ya yi tsalle ya faɗa kan dandamali.

Ya dafe baki da hannu biyu. Kwamfuta tana lilo a gaban makirufo, ba ta gama ba.

"Narelle kuwa," in ji muryar.

Dariya ta ɗauke. Narelle ta runtse ido. Aka ji rugugin mota kaɗai na ɗan lokaci.

"Narelle kuwa, Spiro, ban san yadda gidan nan zai zama ba in ta tafi. Ita kaɗai ke bari in kai ƙarshen labari." Sai aka ji an fyace hanci da ƙara kamar kakaki.

"Kalli hanya," muryar Spiro ta sake cewa, a hankali wannan karon.

Rohan ya ga gara a tsaya a nan kafin a zo kansa. Ya ɗauki wuƙar yanka kek ya hau dandamali, ya datse igiyar, ya tsoma kwamfuta a cikin babban kwanon lemo. Ta yi ɓul-ɓul, ta ambaci wani abu game da maciji, ta nutse.

Narelle ta hau ta rungume ubanta, tana kuka tana dariya, tana dukan kafaɗarsa da furen hannunta. Sai ga Lionel ya tako a nutse ya tsaya a gabansu.

"Buɗe in gani, surukina."

Clarrie ya girgiza kai.

"Buɗe mana. Ban zo da filaya ba, amma ga kujera nan."

Aka kai shi kicin ɗin zauren aka zaunar. Lionel ya aika aka ɗauko masa 'yar jakarsa daga mota, ya naɗe hannun riga, ya duba da tocila. Rabin gari ya cunkushe a ƙofa. Ya wanke wurin, ya shafa magani, ya cusa auduga har kumatun Clarrie suka kumbura kamar na mai busa algaita.

"Haƙorin zai gyaru, ka same ni a Sydney in yi maka, ba sai ka biya ba," ya ce da sanyin muryarsa. "Amma leɓen ya fashe ta ciki. Ka cije audugar nan. Kada ka yi magana har gobe."

Maganar ta bi ƙofa ta shiga zaure daga baki zuwa baki. Aka ji tafi ya tashi daga can ciki.

Glenys ta ratso mutane, hula tana gaba, ta tsaya ta ƙare wa mijinta kallo.

"Likita," ta ce, "ba yadda za a yi a ja shi zuwa Kirsimeti?"

"Ilimina bai kai nan ba," in ji Lionel. Ya miƙa mata hannu, makaɗa suka saki kiɗa, suka tafi suka buɗe rawa.

Aka dawo da Clarrie babban tebur aka zaunar da shi kusa da Spiro. Mutane suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna zama a gabansa. Makanike ya ba shi labarin wata mota tun daga farko har ƙarshe. Likitan dabbobi ya yi masa bayanin ciwon doki dalla-dalla. Fasto ya ja kujera ya maimaita masa wa'azin makon jiya. Clarrie yana zare ido, jijiyar wuyansa tana tashi, amsoshi sun taru sun cika masa ciki ba hanyar fita. Da abin ya ishe shi ya ɗaga hannu yana rubutu a iska, alamar a taimaka masa da biro.

Mutane suka shafa aljihu, suka duba jaka, suka girgiza kai cikin juyayi. A duk faɗin zauren nan ba a samu mai biro ko ɗaya ba. Spiro ya yi hamma, ya sosa ƙeya, ya zare biron da ke bayan kunnensa ya tura shi cikin safa.

"Ci gaba, Fasto," ya ce. "Yana jin daɗi."